Yadda Za Ka Fitar da Muryar Ogan ta Kiɗan Rok Daga Fiyanon da Ke Hannunka

Yawancin masu kaɗa fiyano a Kano ba wanda ya zaunar da su a aji. Kunne ne malaminsu. A saurari waƙa, a yi ta lalubar madannai har a kamo ta, a zauna gefen wani gwani a situdiyo ana satar hannu. Wannan hanya tana kai mutum nesa a kiɗan biki da na fim, amma takan cije ranar da ya ji ogan ɗin ƙungiyoyin rok irin Deep Purple ko Santana, ya ce shi ma sai ya fitar da wannan gurnani. Ya nemo muryar da aka rubuta wa Rock Organ, ya danna, sai ya ji wani abu siriri a sandare. Daga nan ya yanke hukunci cewa fiyanon nasa ne ba shi da ƙarfi. Sau da yawa ba haka ba ne. Saiti ne bai zauna ba, sannan hannun ya saba da wani aiki daban.

Abin da kake ƙoƙarin kwaikwaya

Muryar da kake ji a yawancin waɗannan waƙoƙi ta ogan ɗin Hammond ce, wanda Laurens Hammond ya fitar kasuwa a Amurka a 1935. Samfurin da ya fi suna shi ne B-3, da ɗan'uwansa C-3 wanda cikinsu ɗaya, akwatin ne kawai ya bambanta. A cikinsa akwai ƙananan fayafayan ƙarfe guda 91 masu haƙora a baki, kowanne yana juyawa a gaban maganaɗisu yana haifar da sauti guda tsantsa. Mai kiɗa shi ke haɗa waɗannan sautuka da wasu sanduna tara da ake ja waje ko a tura ciki, waɗanda masu sana'ar ke kira diroba.

Rabin muryar ke nan. Ɗaya rabin yana cikin akwatin sifikar Leslie, ƙirƙirar Donald Leslie. A samansa akwai ƙaho mai juyawa da ke watsa siraran sautuka, a ƙasa kuma ganga mai juyawa a bakin sifika mai inci 15, ana raba musu aiki a mita 800 Hz. Amfilifayar ciki ta kwalba ce mai wat 40, wadda idan aka matsa mata sai muryarta ta dushe ta soma gurnani. Jon Lord na Deep Purple bai tsaya nan ba, ya riƙa zuba C-3 ɗinsa cikin amfilifayar jita ta Marshall, shi ya sa ogan ɗinsa ke iya yin kafaɗa da kafaɗa da jita ba a danne shi ba.

Akwai wani dangi daban, ƙananan ogan masu tiransisto irin Vox Continental na Ingila da Farfisa na Italiya. Muryarsu siririya ce mai kaifi, kusa da algaita. Vox ne Alan Price ya kaɗa a "House of the Rising Sun" ta The Animals a 1964, shi ne kuma a hannun Ray Manzarek na The Doors. Wannan murya ba baƙuwa ba ce a yankinmu: da ogan ƙirar Italiya Mamman Sani ya naɗi kiɗansa a Yamai a 1978.

Wani zai ce me zai hana a nemi Hammond na ainihi. Nauyinsa da benci da madannan ƙafa ya kusa kilo 190, amma ba nan babbar matsalar take ba. Injin lantarkin da ke juya fayafayan yana bin saurin kaɗawar wutar da aka ba shi ne. Wanda aka ƙera don Amurka yana son 60 Hz, tamu kuwa 50 Hz ce, don haka ko an rage masa ƙarfin wuta da tiransifoma, duk sautinsa zai sauka da kimanin madannai uku. A kan ƙaramin janareta kuwa, duk lokacin da injin ya yi nishi, ogan ɗin zai bi shi. Fiyanonka na dijital bai san wannan ciwo ba.

Fara da kashe abubuwa huɗu

Kashe Touch, wato saitin da ke sa ƙara ta bi ƙarfin bugun yatsa. Madannin ogan kamar makunnin fitila yake: ko ka shafa, ko ka daka, ƙarar ɗaya ce. A manyan Yamaha PSR akwai maɓallinsa a fuska ko a shafin saitin murya, a ƙananan PSR-E kuma ka shiga Function ka mayar da shi Fixed ko Off. Muddin yana kunne, sautukanka za su riƙa fitowa wani sama wani ƙasa, kunne kuma nan take yake gane cewa wannan ba ogan ba ne.

Daina amfani da fedar riƙe sauti. Sautin ogan ba ya mutuwa da kansa, saboda haka idan ka taka ta ka canza kod, wato sautukan da ake dannawa tare, tsohon da sabon za su cakuɗe su zama kunu. Za mu ba wannan feda wani aiki nan gaba. Kashe rakiyar ACMP, domin hannun hagunka ya koyi aikinsa. Sai kuma amsa-kuwwa, wato Reverb: kunnenmu ya saba da ita da yawa a waƙoƙin fim, amma a nan ka rage ta zuwa kashi ɗaya cikin biyar na ma'auninta, in ba haka ba duk cizon muryar zai narke.

Sandunan tara

Idan fiyanonka irin PSR-3000, PSR-S910, PSR-S950 ko SX900 ne, nemi Organ Flutes. A nan za ka ga sandunan a allo, daga hagu zuwa dama: 16', 5⅓', 8', 4', 2⅔', 2', 1⅗', 1⅓', 1'. Kowacce tana tafiya daga 0 zuwa 8. A wasu samfuran 16' da 5⅓' wuri ɗaya suke rabawa, sai ka sauya tsakaninsu da maɓalli.

Ka ɗauka ka danna C na tsakiya. Sandar 8' ita ce C ɗin da ka danna. 16' tana ba ka C na ƙasa da shi. 5⅓' tana ba ka G na sama da shi. 4', 2' da 1' duk C ne, kowanne oktab ɗaya (tazarar C zuwa C na gaba) sama da na baya. 2⅔' da 1⅓' G ne can sama, 1⅗' kuma E ne. Ana rubuta haɗin da lambobi tara a jere, kuma duk mai ogan a duniya yana karanta su.

Fara da 888000000: uku na farko a waje gaba ɗaya, sauran a ciki. Wannan ita ce uwar murya, mai kauri da duhu, wadda Jimmy Smith ya yi suna da ita a jaz, 'yan rok suka gada. Ƙara 4' ta zama 888800000, ka sami muryar da za ta ɗauke ka cikin yawancin waƙoƙin rok. Ƙarƙashin mawaƙi, inda ake son ogan ya zama shimfiɗa kawai, gwada 008400000 ko 808000000. 888888888 kuwa, duka a waje, ka ɓoye ta sai ƙarshen waƙa. Masu koyo sukan fara da ita saboda ta fi ƙara, sai a kai amshi na ƙarshe ba sauran inda za a hau.

Ka lura da abu guda da zai canza yadda kake danna kod. A 888000000, yatsa ɗaya yana fitar da sautuka uku, kuma akwai na biyar, wato G in C ka danna, a ciki tun kafin ka danna shi. Yatsu uku sautuka tara ke nan. Kod ɗin yatsu takwas da kake cika fili da shi a muryar fiyano, a nan taɓo zai zama.

Sai ƙyas ɗin da ake ji a bakin sauti, wanda Hammond ke kira Percussion, Yamaha kuma Attack. Zaɓi 2⅔', ka gajarta tsawonsa, ka sa yanayinsa a First, ba Each ba. Dalili: a ogan na ainihi ƙyas ɗin ba ya sake fitowa sai ka ɗaga duka yatsunka. Idan ka haɗe sautuka, na farko ne kaɗai ke samunsa, idan ka rarrabe su, kowanne ya samu. Da wannan ake sa jimlar kiɗa ta yi kamar magana, wata gaɓa da nauyi wata ba nauyi.

Wanda fiyanonsa ba shi da sanduna, ya duba jerin muryoyin General MIDI: lamba 17 Drawbar Organ, 18 Percussive Organ, 19 Rock Organ. Ka guji 20, ogan ɗin bututu ne na coci, wani gida ne daban. A ganinmu 17 ta fi 19 amfani, domin a fiyano da yawa an riga an gasa rawar sifika a cikin 19 da gudu ɗaya da ba ya canzawa. Ɗauki 17, ka ɗora mata ita kanta da Dual, maɓallin da ke haɗa murya biyu, ka ɗaga ta biyun oktab ɗaya, ka rage ƙararta zuwa rabi. Ka kusanci 888800000 ke nan.

Juyawa, gurnani da feda

Nan ran abin yake. Sautin ogan da aka riƙe ba ya raguwa ba ya ƙaruwa, don haka duk motsin da ke cikinsa kai za ka sa shi.

A sashen DSP, inda ake sarrafa sauti, zaɓi Rotary Speaker, mai kwaikwayon juyawar Leslie. Yana da gudu biyu. Idan naka yana ba da damar gyara, sa ƙaho a hankali wajen 0.8 Hz, da sauri wajen 6.7 Hz, wato kusan juyi 400 a minti. Ganga kuma 0.7 Hz da 5.7 Hz. Abin da ya fi waɗannan lambobi muhimmanci shi ne lokacin sauyawa: ƙahon mara nauyi ne, cikin kamar daƙiƙa ɗaya ya kai gudunsa, gangar kuwa sai ta ɗauki daƙiƙa biyar ko fiye. Wannan tsakanin, inda sama ya riga ya tashi ƙasa na biye da shi, shi ne mafi daɗin sauti a duk harkar. Wanda ya bar shi a kan sauri daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ya zubar da shi.

Ga aikin fedar da ka ajiye. A manyan PSR, shiga saitin feda ka ɗora mata sauya gudun juyawa. Bar juyawar a hankali cikin baiti. Saura bugu biyu a shiga amshi, taka, domin gudun ya cika daidai kan shigar. Ka riƙe kod na ƙarshe ka mayar da shi a hankali, ka bar shi ya sauka da kansa.

Gurnanin kuma, jerin haɗawa ne sirrinsa: ogan, sannan Overdrive mai haifar da gurnanin, sannan juyawa, sannan amsa-kuwwa. Haka yake a Leslie, amfilifaya ce ke dushewa kafin sautin ya isa ƙaho. Idan ka juya jerin, ka sa gurnani bayan juyawa, za ka ji ƙara kamar ana yaga atamfa. Wasu fiyano suna da nau'in da ya haɗa biyun wuri ɗaya, shi za ka ɗauka. Sa shi kaɗan: sauti ɗaya ya fito kusan tsaf, sai ka danna biyu ko uku ya soma kaushi. In sauti ɗaya ma yana ƙuna kamar zuma, ka wuce gona da iri.

Ana iya amfani da fedar gurnani ta jita, amma da sharaɗi uku. Kashe juyawar cikin fiyano ko ka yarda da waccan ƙarar yagewa, in kuma kana son juyawar, sai da fedar juyawa da za ta biyo baya. Rage ƙarar fiyano zuwa kwata, domin abin da yake fitarwa ya fi na jita ƙarfi nesa ba kusa ba. Na uku, kada ka kuskura ka musanya adafta: yawancin fedar jita bolt 9 ce mai tsakiya negatif, adaftar Yamaha kuwa bolt 12 ko 16 ce mai tsakiya fozitif. Kuskure ɗaya ya isa ya ƙona ta.

Ƙafar daman mai ogan ba ta barin fedar ƙara, ita ce numfashinsa. Manyan PSR suna karɓar FC7. Ƙananan PSR-E ramin fedar riƙe sauti kawai gare su, sai ka sa fedar ƙara ta waje tsakanin fiyano da amfilifaya. Mazauninka ya zama rabi zuwa kashi biyu cikin uku, domin ka sami wurin hawa. In fedar tana gaban gurnani a jeri, takawa zai ƙara ƙara da kaushi tare, kuma haka ake so.

Hannu

Darasi na farko haɗe kod ba tare da feda ba. Ƙa'idar ita ce duk sautin da kod biyu suka yi tarayya a kai, yatsa ba ya tashi daga kansa. Danna A, C, E. Ka bar A da C a danne, ka matsar da E zuwa F: ka shiga F. Ka bar C, ka sauke A zuwa G, F zuwa E: ka shiga C. Ka bar G, ka sauke C zuwa B, E zuwa D: ka shiga G. Sa metronom a 70, bugu huɗu kowane kod, minti goma kullum har mako biyu. Naɗi kanka da waya ka saurara. Duk inda ka ji rami tsakanin kod biyu, ka ɗaga yatsan da bai kamata ba. Inda yatsu suka ƙare maka, koyi musanya yatsa a kan madanni yana danne.

Hannun hagu ya rage surutu. In akwai mai jitar bes, ƙasa tasa ce, kada ka sauka fiye da oktab ɗaya ƙasa da C na tsakiya. Danna tushe da na biyar kawai, A da E, ko D da A. Gurnani yana cuɗa sautuka ya haifi wasu da ba ka danna ba. Tsakanin tushe da na biyar, waɗanda ake haifa suna dacewa da kod ɗin, amma da ka ƙara na uku a ƙasa sai su yi ta karo da juna.

Hannun dama kuma, sautuka biyar sun ishe ka wata da watanni: A, C, D, E, G. Kunnen da ya tashi da goge da kukuma ba zai ji wannan tsani baƙo ba, ko da yake zaman sautukan ba daidai yake da na madannai ba. Ƙara E♭ a matsayin ɗan ratse, ba wurin zama ba. Ogan ba ya lanƙwasa sauti kamar tsirkiyar jita, sai a yi dabara: taɓa E♭ ka zame da yatsa ɗaya zuwa E. Daga baƙin madanni zuwa fari yatsa ɗaya ya isa, amma daga fari zuwa baƙi, kamar C zuwa C♯, sai da biyu. Wata dabarar da ta fi kowacce kama da rok: ƙaramin yatsa ya riƙe A na sama, babban yatsa da manuni su yi ta yawo a C, D, E♭, E a ƙarƙashinsa, ka taka juyawa zuwa sauri a tsakiya.

Sharar madannai da tudun tafin hannu ake yi, ba da farce ba. Fara daga ƙasa fedar ƙara a rufe rabi, ka buɗe ta kana hawa, ka sauka a kan kod ɗin da ka riga ka shirya a ranka. Sharar da ba ta san masaukinta ba hayaniya ce. Madannan Hammond bakinsu a daidaice yake, na yawancin fiyanonmu kuwa suna da leɓe, saboda haka kada ka danna da ƙarfi, kana iya yanke hannu ko ka ɓalle madanni.

Don aikin kunne, fara da "Green Onions" ta Booker T. & the M.G.'s ta 1962. F maino ce, zagaye 12, sautuka kaɗan ne, ba inda za ka ɓuya. Daga nan "House of the Rising Sun" a A maino, mai tafiyar shida-shida. "Highway Star" ta Deep Purple ta 1972 ka bar ta sai hannu ya nuna.

In da kwamfuta kake aiki

Haɗa fiyano da kebul na USB, ka buɗe manhajar ogan a cikin FL Studio ko abin da kake amfani da shi. setBfree kyauta ce. VB3-II, Hammond B-3X da B-3 V na kuɗi ne. Kowaccensu ta fi muryar cikin ƙaramin fiyano nesa. Abin da ke ɓata aikin shi ne jinkiri tsakanin dannawa da jin sauti. Zaɓi direban ASIO, ka sa bafa, wato saitin da ke rage ko ƙara wannan jinkiri, a 128 ko 256. A 48 kHz, 256 kimanin kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa ne, hannu ba zai damu ba. A 1024 sai ka ji kamar kana tafiya cikin yashi. In sauti ya soma tsattsagewa, rufe burauza da sauran manhajoji kafin ka ɗaga bafa. Fedar ƙara tana tafiya a CC11, fedar riƙe sauti a CC64, wadda za ka ɗora wa sauya gudun juyawa. Kashe Local Control don kada muryar fiyanon ta bi ta manhajar.

Wurin wasa, wuta da ƙura

Sifikun jikin fiyano ba za su ba ka kaurin 16' ba. A gida hedifon mai rufe kunne ya fi, ga shi ya raba ka da maƙwabta. A wurin taro, in layi biyu aka ba ka a miksa, ka ware su hagu da dama amma ba can ƙarshe ba. In ɗaya ne, yi amfani da ramin L/Mono ko L/L+R kawai, kada ka haɗe wayoyi biyu da hannu. Roƙi mai miksa ya yanke abin da ke ƙasa da 100 Hz in akwai bes, ya ɗan rage wajen 3 zuwa 5 kHz in gurnanin yana sukar kunne.

Kunna fiyano da farko, miksa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa ka juya jerin. In an ɗauke wuta, kashe komai, ka bar janareta ya daidaita kafin ka mayar. Gurnani yana ƙara girman duk wani ƙugi da ke cikin layi, don haka ƙugin da ba ka ji a muryar fiyano zai fito fili a nan. Jona fiyano da amfilifaya a soket ɗaya. In da laftof, zare cajarta ka ji ko ƙugin ya tafi. In ya tafi, akwatin DI mai maɓallin Ground Lift ne maganin, ba karya ƙafar ƙasa ta fulogi ba. Masu kayan sauti a Sabon Gari sun san shi. In za ka sayi adafta ko feda a can, tafi da fiyanon ko hoton rubutun da ke bakin ramin wutarsa.

Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin madannai. Kowane madanni yana da tagwayen ɗigon baƙin gawayi a jikin roba, da su fiyano ke auna ƙarfin bugu. In ɗaya ya yi datti, madannin ya riƙa fashewa da ƙara ko ya yi shiru ɗungurungum. Kashe Touch yana iya ɓoye fashewar, amma ba ya tayar da wanda ya mutu. Zare wuta, kwance bayan, ka jera sukurori yadda ka cire su domin tsawonsu ya bambanta, ɗaga robar a hankali, ka goge ɗigon da allon da auduga mai ɗan sifirit na aisofurofil. Ban da fetur, ban da ruwa, ban da kankarewa. Bari ya bushe minti goma, ka tabbatar ƙananan ƙafafun robar sun koma ramukansu duka kafin ka rufe, domin wadda ta zauna a karkace za ta kashe madannai biyu ko uku a jere. Bayan haka mayafi mai kauri duk lokacin da ka tashi, kuma a zafin Afrilu kada ka bar shi cikin mota a rana, roba da allon nuni ba sa jurewa.